Mabuɗai Uku a Jar Igiya

Duk wanda ya shigo ɗakina ya ga kwaɗunan ƙofa da na akwati jere a bango, tambayarsa ɗaya ce: wanne ne babbansu? Sai in nuna masa wani ƙato na Turawa da aka ciro daga ƙofar tsohon sito, ya jinjina kai ya ce lalle an sha aiki. Ƙarya nake yi masa. Babbansu ba ya bango, yana cikin gwangwanin shayi a ƙarƙashin gadona, kuma ban taɓa gaya wa kowa yadda ya zo hannuna ba. Yau zan faɗa, tun da waɗanda zan ji kunyarsu duk sun riga ni tafiya.

An turo ni garin Tawa koyarwa 'yan shekaru kaɗan bayan Turawa sun bar mana mulki. Saurayi ne ni daga kudu, ɗan gidan Kirista, da wando mai kari, da takalmi mai sheƙi, da ji da kai wanda ya fi ƙarfin wuyana. Yara a lakwal, wato makarantar boko, suna ce mini mushe, yadda ake kiran malami da Faransanci, sunan ya bi ni har unguwa, har tsofaffi ba su san ni da wani suna ba. Ban shan taba, ban zuwa dandali. Ciwona ɗaya ne, kwaɗo. Tun ina makarantar kwana na ɓatar da mabuɗin akwatina, na buɗe shi da silin keke, daga ranar abin ya shiga jinina. Allah ya sani ban taɓa ɗaukar ko allurar wani ba. Daɗin da nake nema shi ne lokacin nan da ƙarfe ya gaji da gardama ya saki a hannunka.

Ran Lahadi in an tashi daga majami'a, sauran malamai su tafi gida cin abinci, ni in miƙe kasuwa wajen maƙera da masu tsofaffin ƙarafa. In tsugunna cikin tarkace da wandona mai kari ina tono. Wani a ba ni kyauta don ya rasa mabuɗi, wani in ba da sukari da ganyen shayi. In na kawo gida in jiƙa shi da man gyaɗa, in goge, in zana shi a kaye, littafin rubutuna, in rubuta inda ya fito. Na kai inda ko ido rufe aka sa mini kwaɗo a hannu zan ce wannan na Ingilishi ne ta Sakkwato ya shigo, wannan na Faransa ne na ƙofar ofis, wannan ayari ne ya kawo shi daga arewa. Ina da sili goma sha wani abu da na goge da magagari, kowanne da lanƙwasarsa, na naɗe su cikin ƙyalle. Mutanen unguwa sun ɗauke ni mai taɓin hankali mara cutarwa, kuma abin yana ci mini rai fiye da yadda nake nunawa.

Katanga ɗaya ce tsakanina da wata tsohuwa, gajeruwar katanga wadda in na tsaya ina ganin tsakar gidanta. Inna nake ce mata. Mijinta ya rasu da daɗewa, ɗanta ɗaya ne a duniya, shi kuma ya tafi biɗa, wato neman kuɗi, bakin teku tun Turawa na nan, damina bakwai ke nan babu shi babu wasiƙa. Yanar ido ta rufe mata gani, haske da inuwa kawai take gani, amma tana kaɗi, tana dama fura, tana sanin kowa da takunsa. Kullum in na dawo da rana sai in tarar da ƙwaryar fura a kan katanga an rufe da faifai. Ban roƙa ba, ba ta taɓa fasawa ba. Sai dai bakinta, kai! In ta ji ina ƙwaƙular ƙarfe sai ta ɗaga murya yadda matan unguwa za su ji:

"Mushe, yau ma sana'ar ɓarayin ce? Gwamnati ta kawo muna malami ko ta kawo muna mai hwasa ɗaki?"

Mata su fashe da dariya. Ni ma in yi dariyar, in shanye furarta, amma a cikina ina ajiye kowace kalma. Wasa take yi irin na uwa da ɗa, na sani, har a lokacin na sani. Ni ne dai ba a taɓa ni.

A unguwar nan, in saurayi zai tafi biɗa, yakan tara kayansa a akwati ya kulle, ya ajiye a ɗakin uwarsa, ya rataya mabuɗin a wuya tare da layunsa. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba, amma kowa ya san ma'anarsa. Muddin akwatin na kulle, mabuɗin na wuyan mai shi, to mutum bai bar gida ba, tafiya ce kawai ya yi. Ba a raba gonarsa, ba a ba wani ɗakinsa. Inna kuwa da wannan take rayuwa, ba a baki kaɗai ba. Akwai gonar gado a kan hanyar Kalfu wadda rabon ɗanta ce, maƙwabta suna yi mata gayya su nome, hatsin da ta samu shi take ci shekara. Ƙanen mijinta ya daɗe yana zagaya gonar nan. Sau biyu yana kai magana gaban mai unguwa cewa yaron ya ɓata, a ba shi gonar ɗan'uwansa. Sau biyu Inna tana sa a ɗauko akwatin a dire a gaban dattawa, ta dafa shi ta ce:

"Ga akwatinai a kulle. Mabuɗi na wuyanai. Shina zuwa."

Sai dattawa su ce a ƙara haƙuri.

Tana da labari ɗaya da take ba kowa, na ji shi ya fi a ƙirga. Ran da zai tafi, tana bakin murhu tana dafa masa guzuri, ta ji ya kulle akwatin a ɗaka. Ya fito da jakarsa. Ta kai hannu za ta dafa ƙirjinsa ta sa masa albarka, sai ya tare hannun da hannuwansa biyu, ya durƙusa, ya ɗora shi a kansa. Nan take tsayawa ta ce, "Kun ji ladabi? Yaron da ya yi haka za ya yar da uwatai?" Igiyar mabuɗin ma ita ta kitsa masa da jar fata, tun idonta na gani.

Na fara ganin akwatin ne ran da ta kira ni in kashe mata kunama a ɗaki. Na kashe kunamar, na ɗago, sai idona ya faɗa kan kwaɗon. Wallahi sai da na manta da takalmin da ke hannuna. Ba irin na kanti ba ne. Na maƙeran Buzaye ne, wanda suke ce wa tanast, irin da manyansu ke kulle jakunkunan fata da shi. Faɗinsa kamar tafin hannu, baƙin ƙarfe ne aka lulluɓe da tagulla da jan ƙarfe, an yi masa zane ƙanana ƙanana har ba wurin sa tsinke. Na juya shi gaba da baya, babu ramin mabuɗi ko ɗaya a fili. Na taɓa jin labarin irinsa mai mabuɗi uku, ban taɓa riƙewa ba. Wai uban yaron ne ya samo shi wajen wani Buzu da ya sauka gidansu shekarar fari.

"Mushe, kunamar ta shige cikin kwaɗon ne?" in ji Inna daga bakin ƙofa. "Sake shi. Ba a taɓa wanga."

Shekara biyu ina bin ta. Na ce zan kawo mata sabon kwaɗo na kanti mai kyau. Ta ce in kai wa uwata. Na ce aro kawai, kwana ɗaya, in zana shi a kaye. Ta ce ko raƙumi na kawo da kayansa ba za ta bari ba. Na koma kasuwa na sami wani tsohon maƙeri Buzu, na yi ta kai masa shayi har ya buɗe baki. Ya zana mini a ƙasa da yatsa. Mabuɗi na farko yana ture wani faranti, ramin na biyu ya bayyana. Na biyu ya saki wani, sannan na uku ya shiga ya matse harsunan ƙarfen da ke ciki, waɗanda suke buɗe kamar kunnen kibiya. Na tambaye shi yadda ake kullewa. Ya dube ni kamar na tambayi abin wauta. Ya ce kullewa ba ta son mabuɗi, tura shi kawai ake yi ya kama. Na rubuta wannan a kaye, na ja layi a ƙarƙashi, ban kawo komai a raina ba.

A damina ta uku da zuwana aka yi wani ruwa da ya kwana biyu bai ɗauke ba. Rufin ɗakin Inna ya yi yoyo daidai kan akwatin. Da safe, ranar ba lakwal, na ji tana kira ta katanga, muryarta ba irin ta kullum ba.

"Mushe, zo ɗana. Ruwa ya shiga kayan yaron ga. Rigar ubanai na ciki. In ta ruɓe mi zan ce mai in ya zo? Ka buɗe muna mu shanya, ka maida kwaɗon yadda ka gan shi."

Ban tsaya sa takalmi ba. Na ɗauki ƙyallen silina na zagaya. An riga an fito da akwatin tsakar gida, mata huɗu ko biyar na maƙwabta suna shanya tabarmi da zannuwa a kan danga. Inna ta zauna a kujerarta 'yar tsugunno kusa da akwatin. Da ta ji takuna sai hankalinta ya ɗan kwanta, bakin ya dawo.

"Ku matsa mai. Yau rana ta zo da sana'ar ɓarayi za ta yi amfani."

Aka yi dariya. Na durƙusa gaban akwatin.

Tun hantsi nake abu ɗaya har rana ta take tsaka. Farantin farko ya ba ni wuya don tsatsa, sai da na ɗiga man gyaɗa na jira. Na biyu ya zo da sauƙi har na fara murmushi. Na uku kuwa ya nuna mini ni ba kowa ba ne. Harsuna huɗu ne a ciki, dole a matse su lokaci ɗaya, in na kama uku na huɗun ya kuɓuce. Sili ɗaya ya karye, wani ya soke ni a yatsa. Gumi yana shiga mini ido. Matan sun gama shanya sun zauna kallo, kowace da tata. Wata ta ce a kira maƙeri da guduma a huta. Wata ta ce ashe karatun lakwal bai kai nan ba. Inna ta ce:

"Ku ƙyale shi. Ƙaramin ɓarawo ne, bai gama koyo ba."

Na ciji leɓe. Na haɗa sili biyu, na danna da babban yatsa, na ja a hankali. Sai na ji ya saki. Ban iya kwatanta muku daɗin nan ba, kuma ba zan yi kamar na manta shi ba don abin da ya biyo baya. Daɗi ne har cikin ƙashi. Na zare kwaɗon na ajiye a cinyata, na ɗaga murfin.

A saman kayan, a kan wata tsohuwar taguwa da aka ninke, ga jar igiyar fata an naɗe ta da kyau. Mabuɗai uku a jikinta.

Murfin ya kare ni daga matan. Inna tana kusa da ni har ina jin numfashinta, amma ba ta gani. Ni kaɗai na gani a duniya, kuma na gane abin da na gani nan take. Yaron ya ajiye mabuɗan a ciki ya tura kwaɗon ya kama. Ba mantuwa ba ce, wanda ya manta ba ya naɗe igiya haka. Aljihun rigata yana nan a buɗe, tsakaninsa da hannuna bai kai taƙi ba. In ɗauke, in saka, mu shanya kaya, in maida kwaɗo, shi ke nan. Ina da lokaci, kada wani ya ce mini ruɗewa na yi. Har na kai hannu da niyyar haka.

Sai lissafin mai tara kwaɗo ya zo mini. In na ɓoye mabuɗan, kwaɗon zai koma jikin akwati, in zauna da mabuɗai uku marasa kwaɗo har tsohuwar nan ta mutu. In kuwa ta san gaskiya, me za ta yi da shi? Ga kuma "ƙaramin ɓarawo" yana yi mini zafi a kunne. Abin da ya wuce ta kaina ke nan, ba wani abu mai zurfi ba. Na ɗaga igiyar sama yadda kowa zai gani, na kaɗa ta, mabuɗan suka yi ƙara.

"Inna, ashe wahalar banza kika ba ni. Ga mabuɗan a ciki."

Dariyar ta tsaya. Inna ta ce, "Waɗanne mabuɗai?" Na kama hannunta na buɗe tafin na zuba mata su. Ba ta kula mabuɗan ba, igiyar ta bi da yatsa tun daga ƙulli har ƙulli, a hankali, sau biyu.

"Ni na kitsa wagga," ta ce. "Tau, da mi ya kulle?"

Da na bar ta haka ma da sauƙi. Amma an yi wa malami tambaya. Na miƙe tsaye kamar ina gaban allo, na ɗaga kwaɗon, na yi musu bayanin faranti da harsuna, na ce irin wannan ba ya son mabuɗi wajen kullewa. Na ce ku duba. Na tura shi, ya ce ƙas.

"Sake," in ji Inna.

Na karɓi mabuɗan daga hannunta na buɗe, ɗaya, biyu, uku, santsi kamar jiya aka ƙera su. Na sake turawa. Ƙas.

"Na ji wagga ƙara," ta ce. "Ina bakin murhu."

Wata daga cikin matan, Allah ya saka mata, ta yi saurin cewa ai wataƙila yana da wasu mabuɗan a wuyansa, waɗannan na ajiya ne. Sauran suka kama, haka ne, haka ne, Inna kada ki damu. Ƙofa ce suka buɗe mata, ni ma suka buɗe mini. Na rufe ta. Na ce a'a, maƙeri ba ya yi wa irin wannan mabuɗi biyu, kowane ɗaya da hannu ake goge shi daidai da raminsa, kuma ai ta ce igiyarta ce. Na faɗa da muryar da nake gyara wa yara kuskure. Matar ta dube ni, kallon da har yau ban manta ba, ta tsartar da yawu gefe.

Suka fito da kayan. Taguwar nan, da wani yagaggen wando, da takalmin fata da ya cinye, da ruwan hauya mara ƙota. Rigar uban ba ta ciki. Babu wanda ya gaya wa Inna, ita ma ba ta tambaya ba, ta dai sa hannu ta shafa gindin akwatin har kusurwa huɗu. Sannan ta juyo wajen da nake.

"Ɗauka, mushe. Ai shi kake so."

Na ɗauki kwaɗon. Har na rusuna na ce na gode, Inna. Na zagaya gida na goge shi da toka da lemun tsami, tagullar ta fito tana walƙiya, na zana shi gaba da baya a kaye. Ranar ban ga ƙwarya a kan katanga ba, na ji haushi kaɗan.

Mata biyar sun gani, don haka kafin la'asar unguwa ta ji. Bayan kwana uku ƙanen mijinta ya je wajen mai unguwa, aka sa zama bayan Juma'a. Ran Alhamis da rana na dawo daga lakwal na tarar da Inna a bakin ƙofata, zaune a ƙasa, da ƙwaryar fura a gabanta. Ba ta taɓa shigowa gidana ba sai ranar. A 'yan kwanakin nan ta zama wata ƙarama. Na shimfiɗa mata tabarma, ta ƙi hawa.

"Ɗana, magana ɗaya na zo da ita. Gobe za su kira ka. Ka ce musu kai ka ƙera mabuɗan nan da ƙarahunanka, ka jehwa ciki don ka yi man wasa, tun da ina tsokanarka. Kowa ya san hannunka na iyawa."

Na ce igiyar fa, ai kin ce taki ce a gaban mutane.

"Ni makauniya ce. In ce na yi kuskure, wa za ya yi gardama? Kai mushe ne, taka aka ji. Ba don ni yarda ba, ɗana. Ni na riga na ji abin da na ji. Don gonar. In sun amshe ta ban da abin ci, kuma in Allah ya juyo da shi wata rana, ya tarar ba ko taƙi ɗaya da sunanai."

Kun ji? Ta san ya yaudare ta, tana nan dai tana tsare masa gona. Ni kuwa abin da na ji a maganar shi ne, in na faɗi haka, dole kwaɗon ya koma jikin akwati a sake dire shi gaban dattawa a kulle. Yana cikin ɗaki a lokacin, a kan tebur, rana ta shigo ta taga tana haska shi. Na gyara murya na ce:

"Inna, ki yi haƙuri. Addinina ya hana ni ƙarya."

Tir da wannan baki. Ni da nake yi wa direktan lakwal ƙaryar zazzaɓi duk ran da na ji labarin tsohon kwaɗo a garin Bambeye. Na jawo Ubangiji na tsaya a bayansa don ƙarfe mai faɗin tafin hannu. Na so ta zage ni. Da ta zage ni da na sami abin riƙewa, in ce ai tsohuwar ba ta da kunya. Ba ta zage ni ba. Ta turo ƙwaryar gabana da bayan hannu.

"Tau. Sha hurarka kada ta yi tsami."

Ta dafa bango ta tashi. Na shanye furar, don yunwa nake ji.

A gaban mai unguwa aka ce in faɗi abin da na gani. Na faɗa, na ƙara da abin da ba a tambaye ni ba. Na fito da kwaɗon, na buɗe da mabuɗai uku, na tura ya kama. Dattawa suka yi ta mamaki, ya bi hannu hannu, wani ya ce a sake ya gani, na sake. Wani ya ce lalle mushen nan akwai kai. Na ji daɗin wannan, ita kuwa tana zaune can gefe da lulluɓinta, duk ƙas ɗin da ya yi tana ji. Ƙanen mijin bai ma yi dogon magana ba. Mai unguwa ya ce abin da ke gonar bana nata ne, ta girbe, daga nan gona ta koma hannun ƙanen marigayi. Aka shafa fatiha aka watse.

Daga ranar ba ta ƙara tsokanata ba. In na gaishe ta ta katanga ta amsa lafiya lau, kamar yadda ake amsa wa baƙo. Ta daina zuwa tasha ran da manyan motoci ke isowa daga kudu, inda da take zama ta tambayi duk wanda ya sauko. Akwatin ta sa aka fitar, kaji suka riƙa ƙwai a ciki. Matan unguwa in na wuce sai su yi shiru. Na ce a raina jahilci ne, gaskiya ce ba sa so. Mabuɗan kuwa, don tsoron kada su ɓata, da kuma don ina son jin su a jikina, na rataya su a wuya da jar igiyar nan, a ƙarƙashin riga.

Bayan girbi wani ɗan'uwanta ya zo daga Takanamat da jakuna biyu zai tafi da ita. Ban sake ganinta ba bayan ranar, ban san shekarar da ta rasu ba, ban san ko ɗan ya taɓa dawowa ba. Ban tambaya ba. Da safe ne, na fito da littattafaina zan tafi lakwal, na so in bi ta bayan gida. Sai na ji ta ce:

"Ina mushe? Ku kira man shi mu yi sallama."

Na zo. An ɗaura damman hatsinta a jaki ɗaya, tana tsaye kusa da ɗayan, mata sun kewaye ta. Na ce Allah ya kiyaye hanya, Inna. Ta ce in matso. Ta ɗaga hannu tana lalube, za ta dafa ƙirjina ta sa mini albarka yadda uwaye ke yi. Na manta abin da ke wuyana, sai da tafinta ya sauka a kai.

Ba ta janye ba. Ta bi su ta saman riga da yatsa, ɗaya, biyu, uku. Ta kai hannu wuyana ta taɓa igiyar. Na tsaya kamar an dasa ni, littattafai a hammata, kowa na kallo.

"Ashe haka ake ji in suna nan," ta ce.

Ta ɗan bubbuga su a ƙirjina, a hankali, sannan ta sauke hannun.

"Shi dai ya tare man hannu, mushe. Bai bari na ji ba."

Ɗan'uwanta ya ɗaga ta ya ɗora a kan jaki, suka kama hanyar arewa.